Tashoshin sola 14 da suka tsaya a takarda: Hujjar masu shakka da inda ta tsaya

A watan Yulin 2016, kamfanin NBET, wanda gwamnatin tarayya ta kafa domin ya riƙa sayen wutar lantarki a sari daga masu samarwa ya sayar wa masu rarrabawa, ya rattaba hannu a Abuja kan yarjejeniya da kamfanoni 14 da za su gina manyan tashoshin samar da wuta daga hasken rana. Jimillar abin da aka yi alkawari megawat 1,125 ne, jarin da aka ƙiyasta kuma ya kai dala biliyan 2.5. Babatunde Fashola ne ministan lantarki a lokacin. Mafi yawan tashoshin a Arewa aka tsara su: megawat 75 na kamfanin Pan Africa Solar a Jihar Katsina, megawat 100 a Ganjuwa ta Jihar Bauchi, megawat 80 a Jigawa, da wasu a Kaduna da Sakkwato da Filato da Nasarawa.

Shekaru sun shuɗe, babu ko ɗaya daga cikinsu da ta tura wutar da za ta kunna ƙwan fitila zuwa babban layin ƙasa. Tashar sola mafi girma da aka jona da layin ita ce wadda hukumar zuba jari ta NSIA ta gina a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, kusa da masana'antun Challawa a Kano, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a ƙarshen Janairun 2023. Megawat 10 ce, a kan fili mai hekta 24, kuma ta ci kimanin dala miliyan 16. Wato ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na alkawarin 2016 ba.

Saboda haka duk wanda ya taɓe baki idan ya ji wani gwamna ya dawo daga taron ƙasa da ƙasa da albishir ɗin tashar megawat dubu, ba za a ce ya yi rashin adalci ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai masu shakkar ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai injiniyan da ke kallon wayoyi da tiransifoma, akwai jami'in baitulmali da ke kallon bashi, akwai manomin da aka shata gonarsa aka kafa allo aka tafi, sannan akwai wanda ke ganin maganar sauyin yanayi gaba ɗayanta dabara ce ta Turawa don su sayar da hajarsu. Yawanci akan cakuɗa hujjojinsu wuri guda, alhali nauyinsu ya bambanta ƙwarai.

Abin da ya kashe yarjejeniyar

Farashin da aka amince da shi a 2016 shi ne senti 11.5 na dalar Amurka kan kowane kilowat na awa guda, na tsawon shekara 20. A daidai wannan lokaci Zambiya ta yi gwanjon kwangilar sola ƙarƙashin wani shiri na Bankin Duniya, inda kamfanin da ya yi nasara ya karɓi aikin a kan senti 6.02. Bayan shekara biyu Senegal ta samu farashin da bai kai senti 4 na kuɗin Yuro ba. Jami'an ma'aikatar kuɗi suka ga cewa za a ɗaure ƙasar da farashin da ya ninka na wasu har tsawon shekara ashirin, sai gwamnati ta nemi a sauko zuwa senti 7.5. Kamfanonin suka ce Zambiya ta samu araha ne saboda an ba masu aikin fili da lamuni da rance mai sauƙin ruwa, abubuwan da su ba su samu ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Amma babbar matsalar ba farashi ba ce. Bankin da zai ba da rancen gina tasha yana da tambaya ɗaya: idan an samar da wutar, wa zai biya, kuma idan bai biya ba wa za a kama? Wanda zai saya NBET ne, shi kuma yana jiran kamfanonin rarraba wuta 11, waɗanda a waɗancan shekaru ba sa biyan ko rabin kuɗin wutar da aka ba su. Abin ya kai ga a 2017 gwamnati ta ware Naira biliyan 701 don cike giɓin. Naira kuma an sake ta a watan Yunin 2016, ta tashi daga 197 kan dala ta haura 300 cikin 'yan watanni. Mai saye zai karɓi Naira daga jama'a, ya biya bashin da aka ƙulla da lissafin dala.

Don haka masu ba da rance suka nemi gwamnatin tarayya ta tsaya a matsayin mai lamuni, ta sa hannu cewa idan ciniki ya lalace ita za ta sayi tashar. Gwamnati ta riga ta sa irin wannan hannu ga tashar iskar gas ta Azura da ke Jihar Edo, mai megawat 461, inda aka wajabta biyan kusan dala miliyan 30 duk wata ko an iya kwashe wutar ko ba a iya ba. Daga nan baitulmali ya ja baya. Takardun suka tsufa a durowa, lasisi ya yi ta ƙarewa, wasu masu jarin suka tattara suka koma ƙasashen da ake biyan kuɗin wuta.

Abin lura shi ne, a duk wannan taƙaddama babu wanda ya ce hasken ranar Katsina ya gaza.

Lissafin injiniyoyi

Hujjar injiniyoyi ta fi ta kowa ƙarfi, kuma 'yan siyasa ba sa son jin ta. Megawat 100 da ake rubutawa a jikin allon aiki shi ne abin da tasha ke bayarwa da tsakar rana idan sama ta yi garau. Idan aka haɗa dare da safiya da maraice da ranakun hadari, abin da ake samu a shekara bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wannan adadi ba. Tashar gas mai girma ɗaya za ta iya ba da ninki uku ko huɗu, muddin akwai gas a bututu. Wannan sharaɗi kuwa ba ƙarami ba ne a Najeriya, inda tashoshin gas da dama ke zaune saboda ba a biya masu gas ba.

Sannan lokacin da gidaje suka fi buƙatar wuta shi ne daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare, daidai lokacin da faifan sola ya gama aikinsa. Ana iya adana wutar a batir, kuma farashin batir ya faɗi sosai a 'yan shekarun nan, amma har yanzu yana ƙara wa aiki tsada, kuma babu shi a lissafin 2016.

Yanayin Arewa ma yana karɓar nasa kason. Mutane da yawa suna zaton zafi ne ke ba da wutar, alhali haske ne. Zafin ma rage ta yake yi. Faifan yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa kan kowane digiri da ya haura 25, kuma a watan Afrilu fuskarsa kan yi zafin da ya zarce na iskar da ke kewaye nesa ba kusa ba. Da hunturu kuma hazo yana tare hasken, ƙura tana kwanciya a kan gilashi. Mai faifai shida a rufin gida zai sa yaro ya goge da tsumma. Tashar Kumbotso tana da faifai sama da 21,000, kuma wankinsu yana son ruwa ko na'ura da ma'aikata na dindindin, a ƙasar da ta fi gwanancewa wajen buɗe aiki a kan kula da shi.

Fili ma abin dubawa ne. Da ma'aunin Kumbotso, megawat 1,000 zai ci sama da hekta 2,000. A taswira ana ganin Arewa kamar fili ne fetal, amma wurin da ya dace da tasha shi ne kusa da babban layi da hanya, kuma a kewayen Kano da Katsina irin wannan wuri gona ce ta wani, ko burtali.

Sai uwa uba, layin kansa. Najeriya tana da tashoshin da a takarda za su ba da kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yana yawo tsakanin 4,000 da 5,000. Mafi yawan da aka taɓa turawa shi ne megawat 5,801 a watan Maris na 2025. Babban layin ya durƙushe kusan sau 12 a 2024 kaɗai. A watan Oktoban shekarar, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Layi mai irin wannan rauni ba ya jure wutar da ke hawa da sauka duk lokacin da girgije ya gifta, sai da na'urorin daidaitawa da wutar ko-ta-kwana.

Sai dai wannan duhu na Oktoba yana iya zama hujja ga ɗaya ɓangaren. Kusan duk wutar da Kano ke sha daga nesa take zuwa, daga tashoshin gas na Kudu da madatsun ruwan Jihar Neja, ta kan wayoyi ƙalilan da ke ratsa dazukan da 'yan bindiga ke ciki. Tasha a gefen gari, ko da rana kaɗai take aiki, tana rage wannan dogaro. Akwai kuma dabarar da injiniyoyi suka daɗe suna faɗa: a bar sola ta ɗauki nauyin rana, a riƙe ruwan Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru a sake shi da dare. Madatsar ruwa ita ce batir mafi girma da ƙasar ta riga ta mallaka.

Misalan da ake kawowa daga waje

Masu shakka suna da sunaye uku da suke yawan ambata. Na farko Desertec, shirin da manyan kamfanonin Jamus suka ƙaddamar a 2009 da burin kashe Yuro biliyan 400 a hamadar Sahara don samar wa Turai kashi 15 cikin ɗari na wutarta. Siemens da Bosch suka fice a 2012, zuwa 2014 yawancin sauran sun bi su. Irin wannan mafarki ya sake dawowa da sunan Xlinks, wayar da za ta bi ƙarƙashin teku kusan kilomita 4,000 daga Maroko zuwa Ingila, har gwamnatin Birtaniya ta ce ba za ta mara masa baya ba a watan Yunin 2025.

Na biyu Ivanpah, a hamadar Mojave ta Jihar Kalifoniya a Amurka. An buɗe ta a 2014 kan dala biliyan 2.2, da madubai sama da 300,000 da ke tattara hasken rana kan hasumiyoyi uku don tafasa ruwa. Ta sha kasa cika alƙaluman da aka yi alkawari, tana ƙona gas da safe kafin ta kankama, tsuntsaye kuma suna ƙonewa a cikin haskenta. A farkon 2025 babban mai sayen wutarta ya nemi a warware kwangilar tun kafin wa'adi. Na uku ita ce hasumiyar Noor ta uku a Warzazat ta Maroko, mai megawat 150, wadda ta tsaya cak a 2024 har fiye da shekara guda saboda yoyon tankin narkakken gishirin da ke riƙe mata zafi.

Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Ivanpah da Noor ta uku, da ainihin tsarin Desertec, duk fasahar madubi ce, ba faifan da aka sani a rufin gidaje ba. Abin da ya karya fasahar madubi kuwa shi ne arahar faifan, wanda kuɗin samar da wuta da shi ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2023. Da faifai Masar ta gina Benban kusa da Aswan, kusan megawat 1,500, ta kammala a 2019, a shekarun da takardun Najeriya ke jiran sa hannu.

Misali mafi kusa yana Gorou Banda, a gefen Yamai. An ƙaddamar da tashar megawat 30 a can a farkon Yulin 2023 da kuɗin Faransa da Tarayyar Turai. Makonni uku bayan haka sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, Najeriya ta yanke wutar da ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin ɗari na buƙatar Nijar. Da tashar ta fara aiki kafin ƙarshen shekarar, ita ce ta rage wa babban birnin duhun rana. Ba ta maye gurbin wutar Kainji ba, amma ta yi aiki a lokacin da ake nemanta.

Tafkin Chadi da maganar yanayi

Ɓangare na ƙarshe na masu shakka ya wuce batun waya da bashi. A ganinsu an ƙirƙiri tsoron ɗumamar duniya ne don a hana ƙasashe matalauta amfani da mai da gas. Sun samu ƙarfin gwiwa a watan Satumban 2025 da Shugaba Donald Trump ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kira batun damfara. Dattawa kuma suna iya tuna musu cewa fari ba baƙo ba ne: an yi yunwar Kakalaba wajen 1913, lokacin da motoci a ƙasar Hausa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Hujjarsu mafi kyau ita ce Tafkin Chadi. Shekara da shekaru shugabanni, har da Buhari a tarukan duniya, suna maimaita cewa tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari saboda sauyin yanayi kuma yana dab da ɓacewa. Gaskiya ne cewa daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ragu matuƙa a farin shekarun 1970 da 1980. Amma binciken da aka wallafa a mujallar Scientific Reports a 2020, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa a shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin ba raguwa yake yi ba, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ma ƙaruwa yake yi. An ɗauki shekarar da ya fi cika aka gwada da shekarar da ya fi ƙafewa, aka mai da abin taken neman tallafi. Wannan ya cancanci suka.

Haka nan sauyin yanayi ya zama bargon da hukumomi ke lulluɓe sakacinsu da shi. Madatsar Alau da ta ɓalle ta cinye Maiduguri a ranar 10 ga Satumban 2024 ta daɗe tana neman gyara. Ruwan sama bai toshe magudanun Kano da leda ba, bai kuma raba filaye a kan hanyar ruwa ba.

Sai dai daga nan hujjar ta fara rauni. Masanan da suka ce tafkin ba ya ɓacewa ba su ce yanayi bai sauya ba; abin da suka nuna shi ne ruwan yankin ya zama marar tabbas, manomi da masunci ba sa iya sanin inda gaɓa za ta tsaya baɗi. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, kuma ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan damina kusan sau 80. A ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumi, ma'aunin zafi a Kayes ta Mali ya nuna digiri 48.5. Na'urar awon zafi ba ta neman tallafi daga kowa.

Akwai kuma ƙorafin da ake yawan ɗauka a matsayin musun kimiyya alhali ba shi ba ne. Tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya rubuta a jaridun Yamma cewa rashin adalci ne a hana Afirka rancen ayyukan gas alhali Turai tana ƙona shi, nahiyar da hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba. Dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi alkawari a Kopenhagen a 2009, da wa'adin 2020, sai a 2022 aka ce ta cika, kuma yawancinta rance ne. Shi ma alkawarin da Najeriya ta ɗauka a Glasgo a 2021, na daidaita hayaƙinta nan da 2060, an lissafa cewa yana buƙatar ƙarin dala biliyan 10 duk shekara, kuɗin da babu wanda ya nuna inda za su fito. Mutum zai iya yarda da ma'aunin zafi ya kuma ƙi yarda da wannan ciniki.

Ta ƙofar baya

Yayin da ake wannan muhawara, sola ta shigo ƙasar ba tare da bikin yanke ƙyalle ba. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya mai da janareta kayan masu hali. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane kilowat, fiye da ninki uku. Cibiyar nazarin makamashi ta Ember ta lissafa cewa a watanni 12 zuwa Yunin 2025 Najeriya ta shigo da faifan sola na megawat 1,721 daga Chaina, ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. A shekara guda kenan 'yan kasuwa suka shigo da abin da ya zarce duk alkawarin tashoshi 14, kuma babu wanda ya nemi lamunin baitulmali.

Waɗanda suka saya ba don ceton duniya suka saya ba. Mai shagon cajin waya, da mai sayar da ƙanƙara, da manomin rani da ya ajiye injin fetur ya koma famfon sola a fadama, lissafin aljihu suka yi. Cikinsu akwai waɗanda za su rantse cewa sauyin yanayi tatsuniya ce. Fadar Shugaban Ƙasa kanta ta sa Naira biliyan 10 a kasafin 2025 don kafa wa kanta sola, abin da mutane da yawa suka fassara a matsayin yanke ƙauna daga layin da gwamnati ke cewa tana gyarawa.

Wannan hanya tana da nata haɗarin. Waɗanda ke ficewa daga layin su ne masu iya biya: bankuna, otal-otal, manyan gidaje, jami'o'i. Duk wanda ya fice ya rage wa kamfanin rarrabawa kuɗin shiga, ya bar shi da unguwannin da ba su da mita da kuma tsofaffin wayoyi. Mai ɗaki ɗaya a Kurna ko Rigasa ba shi da kuɗin batir, masaƙa ko injin casar shinkafa a Sharaɗa kuma ba ya tashi da faifan rufi. Su waɗannan babbar tasha da layi mai ƙarfi suke buƙata, abin da aka kasa ginawa.

Dokar lantarki da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da ba da lasisi, don haka tashar gaba ba sai ta bi ta NBET ba. Amma mai ba da rance zai yi wa gwamna tambayar da ya yi wa ministan kuɗi a 2016, kuma zai fara da duba littafin bashi. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce suna bin gwamnatin tarayya kimanin Naira tiriliyan 4 na wutar da aka riga aka sha.